Alkasim Mai Duba Tsatsa

A unguwar Mount Hope ta Bronx, idan aka tambayi Alkasim sana'arsa, sai ya ce duba tsatsa yake yi. Ba ya murmushi in ya faɗa, ba ya kuma ƙara bayani. Sababbin zuwa kan ɗauka a garejin mota yake aiki, har wasu sukan kira shi in motarsu ta ƙi tashi lokacin sanyi. Shi kuwa yakan sauko daga hawa na biyar, ya tsaya ya leƙa injin tare da su, ya ce lalle ta ƙi tashi, ya koma sama.

Mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, daga gidan maƙera. Mahaifinsa yana ƙera lauje da fartanya in damina ta gabato, da rani kuma ya koma takubba, saboda Turawa masu yawon buɗe ido da ke wucewa zuwa Agadas. Daga sifirin tsofaffin motoci ake yanko su. In an gama wasawa sai a buga wa kowanne ɗan tambari kusa da ƙota, jinjirin wata biyu, irin wanda ake gani a jikin takubban kakanni. Wannan bugun shi ne aikin Alkasim tun yana saurayi. Daga nan a binne takobin mako biyu a ƙasa mai laima don ya tsufa. A gidansu ba a taɓa kiran abin ƙarya ba, ado ake cewa.

Ya sauka New York a shekarar 1998. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Canal Street yana sayar da jakunkunan mata da agoguna masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, waɗanda su kamfanonin ba su san da zamansu ba. Gwiwa ce ta raba shi da titi. Gudu da buhu a kafaɗa in 'yan sanda sun ɓullo aikin samari ne, shi kuwa ya haura arba'in, ga matarsa Ramatou mai kitso a Harlem, ga 'ya'ya biyu.

Wani ɗan garinsu mai tuƙa motar kaya ne ya gaya masa akwai wani dattijo ɗan Japan, Mista Kawabe, da ke neman mai ɗaukar masa akwatuna. Shagon yana hawa na huɗu a wani gini a Manhattan, babu allo a ƙofa, sai an yi waya kafin a zo. Tsofaffin takubban Japan yake saye da sayarwa, yana kuma duba wa mutane nasu.

Ranar farko Mista Kawabe ya ba shi dokoki uku. Ba a taɓa ruwan takobi da hannu. Ba a magana a kan takobi in yana zare, saboda yawu. Kafin a zare shi kuma ana rusuna masa. Alkasim ya ce biyun farko ba matsala, na ukun kuwa shi ba ya rusuna wa ƙarfe, amma zai yi bisimilla. Dattijon ya tambayi ma'anarta, aka gaya masa, ya ce ta wadatar.

Akwai doka ta huɗu da bai faɗa ba, don bai zaci akwai mahalukin da ke buƙatar a gaya masa ba. Takobin Japan ba a like yake da ƙotarsa ba. Ɗan tsinken gora ne ke riƙe da shi, in an ture tsinken sai ƙotar ta zame, ƙarfen da ke ɓoye cikinta ya bayyana. Alkasim wutsiya yake kiran wannan ƙarfe. A jikinta maƙeri ke sassaƙa sunansa da kurfi, ɗan ƙarfen da ake bugawa da guduma, kuma kullum baƙa ƙirin take da tsatsa.

A mako na uku Mista Kawabe ya fita cin abincin rana, ya bar wani gajeren takobi a kan tebur, ƙota a cire. Alkasim ya dubi wutsiyar, ya ji kunya ta kama shi a madadin maigidan. Ya samo sanfefa a ɗakin akwatuna, ya zauna ya goge ta tas har tana ɗaukar ido, ya shafa mata mai, ya ajiye a inda ya same ta.

Dattijon ya dawo, ya duba, ya cire tabarau, ya zauna a ƙasa. Ya kai minti goma a zaune.

"Shekara ɗari uku," in ji shi da Turanci, "ka goge kafin in gama shan miya."

A ranar Alkasim ya ji cewa tsatsar wutsiya ita ce shaidar shekarun takobi, da launinta da kaurinta ake sanin zamaninsa, kuma ba mai iya mayar da ita in ta tafi. Ya ɗauki jakarsa zai fita, Mista Kawabe ya ce ya ajiye. Ya ce wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai sake ba, sabon da zai ɗauka kuwa bai yi nasa ba tukuna.

Shekara biyu Alkasim yana ɗaukar akwati, yana riƙe fitila in ana dubawa, baki a rufe. A nan ya san furen. Fure ne zagayayye mai ganye goma sha shida, kiku suke kiransa, tambarin gidan sarkin Japan. A zamanin da, wasu 'yan tsirarun maƙera ne fada ta yarje wa su sassaƙa shi a saman sunansu. Saboda haka duk takobin da ya zo da furen nan, mai shi yakan shigo shagon yana tafiya a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa.

Wata rana wani lauya ya kawo irinsa. Mista Kawabe ya daɗe yana juya wutsiyar a ƙarƙashin fitila, ya buɗe littattafai uku, ya ce a bar masa shi kwana biyu. Da lauyan ya fita aka mayar da takobin kube, Alkasim ya ce:

"Wanda ya rubuta sunan nan tsoro yake ji."

Dattijon ya ɗago kai. "Ka iya karanta Japananci ne?"

"Ko harafi ɗaya."

"To?"

Alkasim ya ce mutum in sunansa yake rubutawa ba ya tsayawa ya duba, kurfi tafiya kawai yake yi, bugu ɗaya na bin ɗaya. Mai kwaikwayo kuwa duk inda layi zai karya kwana sai ya dakata ya kalli na asali, sai bugun ya taru wuri ɗaya, ƙanana-ƙanana, kamar sawun kaza a bakin murhu. Ya nuna masa wurare huɗu.

"A ina ka koyi wannan?"

"Na yi aikin," in ji Alkasim.

Aka aika takobin Japan, inda masana ke zama su duba su ba da takardar shaida. Ya dawo ba takarda. Tun daga ranar aka ƙara kujera ɗaya a teburin dubawa. Mista Kawabe ya fara koya masa haruffan, sai kuma ya daina da kansa. Ya ce in mutum ya san babban suna ne a gabansa, idonsa kan fara yi masa ladabi, gara a bar Alkasim yadda yake.

Haka ya yi shekara goma, yana hawa jirgin ƙasa da safe yana dawowa da yamma, ba wanda ya damu da aikinsa a unguwa, sai da maganar takobin Yussif ta taso a 2019.

Yussif ɗan zangon Kumasi ne, masallacinsu ɗaya da Alkasim. Aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara shida yana jinyar wani tsohon soja, Mista Russo, yana yi masa wanka, yana juya shi, yana ba shi abinci a baki. Tsohon ya je Japan bayan yaƙin duniya yana saurayi, ya dawo da takobi, ya tura shi ƙarƙashin gado. Da ya rasu yana da shekara casa'in da biyar, aka tarar ya rubuta cewa takobin na Yussif ne. 'Ya'yansa suka miƙa masa ba gardama, don ba wanda ke son ɗaukarsa a jirgin sama.

Tsinken ƙotar ya daɗe da faɗuwa, saboda haka Yussif ya ga wutsiyar tun a daren farko, ya ga fure. Ya ɗauki hoto ya bincika a waya. Abin da wayar ta gaya masa ya sa ya kira matarsa Fusena, ita kuma ta kira yayarta a Kumasi. Kafin Juma'a ta zagayo, an san a masallaci cewa Yussif ya gaji takobin sarkin Japan.

Ran Lahadi bayan Azahar suka hau gidan Alkasim, shi da Fusena da mutum biyu daga masallaci. Takobin na naɗe cikin bargo, Yussif ya rungumo shi kamar jariri. Ramatou ta kawo shayi. Alkasim ya share tebur, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ce daga yanzu har ya mayar da shi kube ba mai magana. Wannan ya yi wa Fusena wuya, amma ta daure.

Ya zare, ya ɗaga ruwan takobin wajen taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire ƙota. Ya bi ganyen furen da ɗan tsinke, kowa na bin bakinsa da ido. Da ya kai goma sha shida, ɗaya daga mutanen masallacin ya manta da doka ya yi kabbara. Alkasim bai ɗago ba. Ya shafa wutsiyar da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, sau uku, ya kwantar da ita daidai idonsa, ya karkata ta ga haske. Ya mayar da komai, ya naɗe bargon, ya ɗauki shayinsa.

"Bon," ya ce. "Ƙarfen na gaske ne, mai kyau ne ƙwarai. Sunan ba nasa ba ne. Furen ma aro ne."

"Ei, Malam Alkasim," in ji Yussif. "Goma sha shida fa. A gabanmu ka ƙirga."

"Mai jabu ma ya iya ƙirga."

Ya yi musu bayani da Hausa dalla-dalla, wajen rabin awa. Ya ce inda sunan yake ya ɗan lotsa, in ka shafa za ka ji, alamar an goge wani suna da magagari aka ɗora wannan a kai. Tsatsar wurin ja-ja ce, ta kewayensa kuwa baƙa ce. Bugun kurfin kuma duk na mai waiwaye ne. Fusena ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa Japan. Ya ce bai taɓa ba. Ta tambaye shi ko ya iya karanta abin da ke rubuce. Ya ce bai iya ba. Ta dubi mijinta, ta ɗauki jakarta. Ba wanda ya shanye shayinsa.

Juma'ar da ta biyo baya Yussif ya gaishe shi da bakin yatsu. Magana ta bazu cewa Alkasim so yake ya karya takobin don maigidansa ya saye da arha. Wasu suka ce hassada ce kawai. Ramatou ta ji duka biyun a shagon kitso, daga bakin mata masu kai a cinyarta.

"Baban Shamsiya," ta ce da shi da ta dawo, "da ka ce musu ba ka sani ba mana."

"Ai na sani."

"To ai ita ce matsalar."

Maganar mutane ba ta dame shi sosai ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne lotsawar nan da yatsansa ya ji. A jirgi, da safe, yakan tuna ta. Wani maƙeri ya sha wuta ya ƙera ƙarfe mai kyau haka, ya sa sunansa, ƙaramin suna wanda ba ya sayar da kaya. Bayan ya mutu wani ya zo da magagari ya share shi. Ya yi shekaru yana gane sunan jabu a shagon nan, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin wanda ke ƙarƙashi ba sai a wannan karon. Bai gaya wa kowa ba, don bai san yadda zai faɗa ba.

Bayan mako biyar Yussif ya yi waya shagon da kansa, ya ce yana son ganin maigidan, ba yaron shago ba. Aka ba shi ranar Talata. Ya zo da kwat. Mista Kawabe ya cire ƙota, Alkasim na riƙe da fitila. Dattijon ya duba na kamar minti ɗaya, ya mayar da takobin kube, ya faɗi kalma ɗaya da yarensu, sannan ya fassara: sunan ƙarya ne.

Yussif ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, Dokta. Ya ce dama shi ma ya ɗan yi zargi.

Alkasim ya kashe fitilar.

Mista Kawabe ya ƙara da cewa ƙaryar ma tsohuwa ce, ta kai shekara ɗari biyu, ƙarfen kuwa ya girme ta nesa. Ya ce hanya biyu ce. Ko a bar shi yadda yake, da furensa da sunansa, amma ba masanin da zai ba shi takarda. Ko a aika Japan, gwani ya shafe sunan ƙaryar a hankali, sannan masana su duba ƙarfen tsura su faɗi abin da suka gani. In an shafe, furen ma ya tafi.

Yussif ya juya ga Alkasim, karo na farko tun shigowarsa, ya yi magana da Hausa.

"Malam, in kai ne, yaya za ka yi?"

"Wanda ya ƙera shi ba za a iya mayar masa da sunansa ba," in ji Alkasim. "Amma ana iya sauke masa na wani."

Yussif ya murza hularsa a hannu. Ya ce shekara shida yana tare da Mista Russo, tsohon ya ba shi labarin jirgin ruwa, da amai, da wata mata da ta ba shi dankali a wani ƙauye, sau ɗari ya ji labarin dankalin nan. Amma tsohon bai taɓa cewa takobin na sarki ne ba. "Ni na faɗa," ya ce. "Ni da fon ɗina." Ya ce a aika.

Aka aika a farkon 2020, sai annoba ta rufe duniya. Takobin ya yi kusan shekara biyu a can. A tsakanin nan Yussif ya koma gaishe da Alkasim da hannu biyu, Fusena kuma ta aiko wa Ramatou da shinkafa da wake irin dafuwarsu ta Gana, ba tare da ta ce na mene ne ba.

Ranar da akwatin ya iso, Alkasim ne ya buɗe. Wutsiyar ta dawo sumul, ba fure ba suna, an daidaita launinta yadda sai mai ido zai gane an taɓa. Tare da ita akwai takarda mai jan hatimi. Mista Kawabe ya karanta wa Yussif: aikin maƙeran wani lardi ne a yammacin Japan, ya haura shekara ɗari huɗu, ingantacce ne.

"To wa ya ƙera?" Yussif ya tambayi Alkasim.

"Ba a sani ba."

"Massa, shekara biyu, har Japan, don a ce ba a sani ba?"

"Da can ƙarya aka sani. Yanzu an san ba a sani ba, ga hatimi."

Yussif ya karɓi takardar da hannu biyu. Mutum biyu sun nemi ya sayar musu da takobin, ya ƙi. Fusena kuma ta ce ba za a ajiye mata abu mai kaifi haka a gida mai jikoki ba. Saboda haka takardar ce ke gidan, cikin gilashi a falo, takobin kuwa yana shagon, a aljihun tebur na uku daga ƙasa. Yussif yakan zo ganinsa sau biyu a shekara in ya sami hutu, ya zauna ya kalla, ya tambaya ko yana nan lafiya, a ce masa yana nan, ya tafi ya kama bas.

Alkasim ya kusa sittin yanzu. Idon Mista Kawabe ya yi rauni, saboda haka Alkasim ne ke fara dubawa, ya gyaɗa kai ko ya girgiza, sannan dattijon ya gaya wa mai takobi da bakinsa, don sun lura mutane sun fi son jin labarin daga gare shi. Dattijon ya ce baɗi zai rufe shagon ya koma wurin ƙanwarsa a Japan. Wani mai kantin kayan Afirka a Bronx ya ce Alkasim ya zo ya riƙa yanka masa daskararren naman akuya da inji, Alkasim ya je ya ga injin, ya ce zarton na son wasawa. Wani gidan gwanjon kayan tarihi kuma ya kira shi sau biyu, amma sun ce sai ya sa kwat ya ɗaura karabat a wuya. Ya ce zai yi shawara. Ramatou ta riga ta sayo karabat ɗin, guda biyu, suna rataye a bayan ƙofa.